Bangon da Ake Ɗagawa: Koyon Fita Daga Cikin Hayaƙi

Ina gaida mutanen Anka da Bagega da Waramu, ina gaida na Bukkuyum da Zugu da Nasarawar Burkullu, ina gaida na Gummi da Daki Takwas da Gayari. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Direbobi da ke bisa hanya, Allah ya sauke ku lafiya.

Yau a shirinmu na faɗakarwa maganar gobara za mu yi, Allah ya tsare mu da ita. Amma kafin mu yi nisa, ga wani ɗan gwaji, ban da kai mai tuƙi. In kana cikin ɗaki, tashi tsaye ka rufe idonka. Juya sau biyu. To, nuna ƙofa da yatsa, sannan ka buɗe ido. Da yawa daga cikinku bango kuka nuna, wasu ma taga. Wannan fa ɗakin da kake kwana kullum ke nan, da ranka kwance, ba zafi, ba tari, ba kukan yara.

Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini, hayaƙi ne ke gamawa da su tun harshen wuta bai taɓa su ba. Hayaƙi yakan haye sama ya taru a rufi, sannan ya riƙa saukowa har ya cika ɗaki. Ido yake fara ƙwacewa. Tocila ba ta huda shi, sai dai ta haska maka shi. A cikinsa kuma akwai iskar nan mai guba da ke fita daga salansar janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari, likitoci na ce mata kabon monoksayid. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Mutum ya shaƙe ta sai kansa ya ɗaure, ƙafa ta yi sanyi, ya kasa tuna dama da hagu. Ɗakunanmu na yanzu kuwa cike suke da katifar soso da kujerun kushin da leda da bokitan roba, kuma soso in ya kama, baƙin hayaƙinsa har da gubar sayanayid yake ɗauke da ita.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar wanda bai san aiki ba ce. Ranar 3 ga Disamba, 1999, a garin Wusta na jihar Masacusets a Amurka, wuta ta tashi a wani tsohon gidan sanyi da aka daina amfani da shi, dogon bene wanda samansa ba taga. Wasu mutum biyu marasa matsuguni ne ke kwana a ciki, kyandir ɗinsu ya faɗi, suka fice ba su gaya wa kowa ba. 'Yan kwana-kwana suka iso, aka ce musu mai yiwuwa akwai mutane a ciki, suka shiga nema. Cikin ginin ɗakunan sanyi ne iri ɗaya, wannan na buɗewa cikin wancan, ƙofofi duk kama ɗaya. Ma'aikata biyu suka ɓata, suka yi kira ta oba-oba cewa iskarsu na ƙarewa kuma ba su san inda suke ba. Aka tura wasu neman su, huɗu daga cikin masu neman su ma suka ɓata. Mutum 6 aka rasa a daren, dukansu ƙwararru, da kayan aiki na zamani a jikinsu.

Irin wannan rashi ne ya sa masu kashe gobara a ƙasashe da dama suka ɗauki atisayen ɓata hanya da muhimmanci. Bari in kwatanta muku abin da suke yi, don mai sauraro ya gan shi da kunne.

Ana samun falankan katako marasa nauyi, ko filawud da aka yi wa firam, ko firam ɗin ƙarfe da aka ɗaura wa tamfol. Kowanne mutum biyu za su iya ɗauka. A gefensu akwai hinji ko ƙugiya ko sakata, yadda wannan zai kama wancan ya tsaya da ƙafarsa ba tare da an haƙa rami ko an buga ƙusa ba. Sai a jera su cikin wani babban ɗaki ko fili, su zama lunguna da ɗakuna. Nan kwana, can lungun da ba ya ɓullewa. Wani falankin an yanka masa ƙofa, wani taga, wani kuma ɗan rami ne a ƙasa wanda sai mutum ya kwanta ya ja ciki. Akwai wurin da ake rataya wayoyi da igiyoyi birjik, saboda a gobara ta gaske rufi na zubowa da wayoyin lantarki su sarƙe mutum. A can ƙurya a ajiye mutum-mutumi mai nauyin babban mutum, ko ƙarami mai girman yaro, a tura shi ƙarƙashin gado, domin yaro in ya tsorata ɓuya yake yi.

Ma'aikaci zai sa rigar wuta da hular kwano da safar hannu, ya goya tukunyar iska, ya ɗaura abin rufe fuska. Kayan nan sun haura kilo 20. Sai a liƙe gilashin fuskar da takarda, ko a cika wurin da farin hayaƙin inji wanda ba ya cutarwa, a saki ƙara a lasifika, a ce bismilla. Ba a shiga mutum ɗaya. Na gaba ya durƙusa, ya ɗora hannun dama a bango, kuma daga nan hannun ba zai rabu da bangon ba. Ɗaya hannun da ƙafa su ke share gaba da gefe suna lalube. Na baya yana riƙe da ƙafarsa ko igiya, suna magana ba ƙaƙƙautawa: ga ƙofa a dama, na shiga, kwana na biyu ke nan. In za su fito sai su juya, hannun hagu ya karɓi bangon, su ƙirgo kwanonin da baya. In tiyon ruwa suka ci karo da shi, mahaɗinsa akwai namiji akwai mace, wanda ya saba yana shafawa zai gane wane gefe ne ke kaiwa mota, wato waje.

Tukunyar iskar nan akan rubuta mata minti 30 ko 45, amma wannan lissafin mai numfashi a natse ne. Wanda tsoro ya kama yana haki, yana iya shanye ta a rabin haka. Shi ya sa rabin darasin koyon natsuwa ne. Tukunyarka ta maƙale a waya, jikinka na ce maka fizge, malami na ce maka tsaya, ja da baya kaɗan, kwanta ta gefe, bi wayar da hannu ka ɗage ta. Akwai ƙato majiyin ƙarfi da zai shiga ramin nan ya ji duniya ta matse shi, ya fara ƙoƙarin cire abin fuska. Gara a gano haka ranar atisaye, inda za a ɗage falanki ɗaya haske ya shigo, a ba shi ruwa ya sha, gobe ya sake gwadawa.

To me ya sa sai irin wannan bango mai tashi? Me zai hana a gina na siminti a huta? An gina, kuma ana amfani da su. A Jamus duk ma'aikacin da ke goya tukunyar iska sai ya ratsa irin wannan wuri sau ɗaya kowace shekara, nasu ma keji ne na ƙarfe hawa-hawa, kuma har shi ana sauya masa ƙofofi. Dalili shi ne ɗan Adam akwai hadda. Ya bi hanya sau uku, ƙafarsa ta riƙe: dama, dama, hagu, sunkuya. Ranar jarrabawa ya fito cikin minti biyu ana tafa masa, alhali kamar yaro ne da ya haddace allonsa bai san baƙi ba, a wanke a rubuta masa wani sai ya tsaya yana kallon malam. Amma in kafin rukuni na biyu ya shiga an ɗage falanki huɗu, ƙofar ɗazu ta zama bango, to hadda ta tashi aiki. Abin da zai fitar da mutum shi ne ƙa'ida: hannu a bango, ƙirga kwana, magana da abokin tafiya, lura da iska. Ita ce kuma za ta bi shi gidan da bai taɓa shiga ba.

Amfani na biyu, da bango mai tashi ana iya sake gina ainihin wurin da ya taɓa cin rai. A 1992 a birnin Denba na Amurka, wani ma'aikaci mai suna Mark Langvardt ya faɗi a wani matsattsen ɗakin ajiya a saman bene. Faɗin wurin tsakanin kaya bai wuce inci 28 ba, taga kuma ta kai inci 42 daga ƙasa. Abokan aikinsa sun iso gare shi, suna taɓa shi, amma ɗaga shi zuwa tagar ya gagara har kusan sa'a guda, ya rasu. Yau a makarantun kashe gobara da yawa ana kafa falankai da wannan awo daidai, a koyi yadda mutum biyu za su cicciɓi na uku su fitar da shi ta taga. A birnin Finiks na Amurka kuma, bayan rasuwar Bret Tarver a gobarar wani babban kanti a 2001, hukumar garin ta yi ta maimaita atisaye, ta gano cewa ceto ma'aikaci ɗaya da ya faɗi yana cin kimanin mutum 12. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Yanzu mu dawo gida. Najeriya tana da Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, da makarantar horar da ma'aikatanta a Sheda kusa da Abuja, jiharmu ma tana da tata hukumar. Amma tsakani da Allah, in wuta ta tashi a Gwashi ko Adabka da ƙarfe biyun dare, wa zai fara isa? Daga Gusau zuwa Gummi tafiyar sa'o'i ce, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki bayan faɗuwar rana. Maƙwabci ne zai fara isa, da ɗan acaba, da 'yan agaji na Izala ko Fityanul Islam ko Jama'atu, da mai shayin bakin titi. Haka aka gani a Satumbar 2024 da kwalekwale ya kife da manoma a Gummi: mutanen gari ne a bakin gulbi tun kafin kowa.

Ba mu manta da Ƙauran Namoda ba. A farkon Fabrairun 2025 wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo, almajirai 17 suka rasu, Allah ya jiƙan su. A Maraɗi, Nuwambar 2021, azuzuwan zana suka kama da rana tsaka, yara ƙanana sama da 20 suka tafi, watanni kaɗan bayan irin haka ta faru a Yamai. A irin waɗannan wurare komai yana ƙarewa cikin 'yan mintoci. Ko motar kwana-kwana na gari ɗaya da kai, abin da yaran suka sani kafin wutar shi ne abin da suke da shi.

Ku dubi kuma ginin gidajenmu. An yi zaure ne musamman don kada na waje ya hango ciki: ƙofar shiga nan, ta wucewa can gefe, sai ka karya kwana, wani gidan ka sake ratsa shigifa kafin tsakar gida. Wannan sutura ce, kuma muna son abinmu. Sai dai maƙwabcin da ya shekara ashirin yana sallama a ƙofar gidanka bai san ɗaki nawa ne a ciki ba, bai san inda rijiya take ba, bai san wane ɗaki yara ke kwana ba. Ranar da zai shiga ceto, baƙo ne. Ƙara da halin tsaro, wanda ya sa kowa ya koma ƙofar ƙarfe da sakata biyu da kwaɗo, tagogi an yi musu walda. Ƙara da jarkar fetur a bayan ƙofa, da kaskon jin ɗumi a lokacin hunturu, da karan da aka jingina a jikin ɗaki. Garin Anka kuma ya cika da 'yan uwanmu da suka baro ƙauyukansu, iyali guda a ɗaki ɗaya, wasu a bukkokin tamfol da buhu manne da juna.

Ni a ganina, cikin duk kayan horon kashe gobara, babu wanda ya dace da mu kamar bangon nan, don shi ne ba sai an yi odarsa daga waje ba. Filawud ƙafa 4 a ƙafa 8 yana kasuwa. A raba shi biyu, tunda mai rarrafe ba ya buƙatar bango mai tsawo, kuma barin saman a buɗe yana ba malami damar ganin kowa. Kafinta ya yi firam, mai walda ya yi ƙugiyoyi da ƙafafu. Falanki ashirin sun isa a fitar da fasalin gida mai zaure da ɗaki uku, a rushe a mai da shi layin kasuwa, a rushe a mai da shi ɗakin kwanan almajirai. Duka za su shiga bayan a-kori-kura ɗaya. Wannan makon Anka, na gaba Bukkuyum, na gaba Gummi. Inda ko filawud ɗin ya yi tsada, ai mu da bango mai tashi ba baƙin juna ba ne: zana da asabari da 'yan sanduna sun wadatar, ko bencinan makaranta a kwantar da su ta gefe.

Amma ga sharaɗi, kuma ina roƙon a saurare shi da kyau. Ba a kunna wuta a wannan atisaye. Ba a ƙona taya, ba a turara ciyawa don a samu hayaƙi. Ɗaure ido ake yi da rawani ko ɗankwali, shi ke nan. A yi da sanyin safiya, a ajiye ruwan sha, mai asma ko ciwon zuciya ya tsaya a masu ƙirga.

Sharaɗi na biyu ya fi wannan nauyi. Horon iri biyu ne, kada a gauraya. Shiga cikin hayaƙi neman mutum aikin wanda ke goye da tukunyar iska ne, wato ma'aikacin kwana-kwana. Tsumma mai ruwa a hanci yana rage toka, amma ba ya tare gubar da muka ambata ko kaɗan. Kun ji fa, masu kaya da horo sai da suka kai 12 kafin su fitar da mutum ɗaya. Saurayi mai zuciya da ya ratsa lungun filawud sau biyar ya ɗauka ya zama gwani, ya faɗa ɗakin da hayaƙi ya kai ƙasa, gawa biyu za a fitar maimakon ɗaya. Na san maganar nan tana da ɗaci ga uban da ɗansa ke ciki, kuma ba ni da bakin hana shi. Amma ɗan agaji ya sani, nasa horon na fitarwa ne: ya tada mutane, ya jagorance su, ya ɓalle taga daga waje, ya fasa bangon ƙasa ta baya da diga in ƙofa ta gagara, ya hana wanda ya fito komawa ɗauko kaya.

Ga yadda za a yi da yara, malamai na tsangaya da na boko ku matso kusa. A kafa falankan daidai da fasalin ɗakin da suke kwana, ƙofa a inda take. Su kwanta kamar dare, kowa a wurinsa, an ɗaure musu ido. Malam ya busa usur. Ba mai miƙewa tsaye: kowa ya mirgina ya durƙusa, don iska mai kyau a ƙasa take. Wanda ya farka ya girgiza na kusa da shi, yana ihu wuta, wuta. Na bakin bango ya kama bango, na bayansa ya kama rigarsa ko dunduniyarsa. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a ƙarshe yana shafa tabarmi ko an bar wani. An zo ƙofa, a taɓa ta da bayan hannu, in da zafi ba a buɗewa, a nemi ɗaya hanyar. A karon farko za ku sha dariya, za su yi karo, wani zai rarrafa ya koma inda ya fito, ƙofa za ta cushe da mutum biyar a lokaci guda. Ku dubi cushewar nan da kyau, don ita ce ke kashewa. A karo na uku za ku ga layi ya miƙe. Daga nan sai malam ya ɗaga falankin ƙofar ya toshe ta ba tare da ya faɗa ba, ya ga abin da za su yi. In ɗakin gaskiya ba shi da hanya ta biyu, to atisayen ya gaya wa malam aikin da ke gabansa: a kira magini ya huda ƙofa, kuma ta riƙa buɗewa waje.

An fito, kowa ya nufi wuri ɗaya da aka sani, gindin bishiya kaza ko ƙofar masallaci, a yi ƙirga da suna. Ku tuna 'yan kwana-kwanan Wusta sun mutu ne suna neman waɗanda tuni suka fice. Malamin da bai san adadin yaran da suka kwana a ɗaki daren nan ba, ba zai iya ce wa mai ceto saura biyu ko ba saura kowa ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka san cikin gida lungu-lungu, kuma ku ne a ciki da yara yawancin lokaci. A kai falankan makarantar Islamiyya ta matan aure, malama ta jagoranta, maza su koma waje. Uwa mai goyo ta gwada rarrafe da 'yar tsana a baya da yaro riƙe da zaninta, ta ji yadda abin yake. Maigida kuma, makullin ƙofa ya samu ƙusa guda da yake rataye kullum, ƙasa-ƙasa kusa da ƙofar, inda uwargida da amarya da babban yaro za su lalubo shi ido rufe. Cikin tagogin da aka yi wa walda, ko ɗaya a kowane ɗaki a sa mata hinji da sakata ta ciki.

Masu haƙar zinariya a yankin Bagega da Dareta da Sunke, da masu yasar rijiya, na san kuna cewa namu ramin fa? Falankan nan in an kwantar da su an rufa sama sun zama rami, ana koyon jan mutum da igiya a matsattsen wuri. Amma rami yana da nasa sharrin, iskar da ke kwantar da na farko ita ke jiran na biyu da na uku, kuma wannan shiri guda ne cur, za mu kawo shi.

Saura wa zai ɗauki nauyi. Kuɗin falanki ashirin bai kai na walimar siyasa ɗaya ba, wannan kowa ya sani. Ƙaramar hukuma za ta iya, ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya, mai hali ɗaya ma zai iya ya nemi ladarsa. Masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi in suka sa baki, hakimai da dagatai za su fitar da mutane. Abin da ba za a yi ba tare da shi ba shi ne malami: a rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiha a nemi ta turo ma'aikacin da zai koyar da masu koyarwa, shi ma ya samu wurin da zai motsa jiki da tukunyarsa. A kuma damƙa kayan a hannun mutum ɗaya sananne, a ɗora su kan bulo saboda gara, a rufe saboda damina, a rubuta adadinsu, don kada bayan wata shida a tarar rabinsu sun zama ƙofar kejin kaji.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Da yake sabis yakan ɗauke a wurarenmu, a nemi lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa da ta shugaban 'yan agaji na unguwa, a rubuta su da gawayi ko fenti a bangon zaure. Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, rijiya da ramin haƙa za mu shiga.